Sunan Tashar Kwarin Maje

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ku yaran yanzu ba ku iya komai ba sai gaggawa da ɗaga murya. A nuna muku sabon abu, sai ku tattake kabarin iyayenku don ku isa gare shi. Haka aka so a yi a Kwarin Maje.

Da gwamnati ta tashi shimfiɗa layin dogo, masu awo suka zo wurin mai gari suka ce hanya biyu ce. Ko jirgi ya ratsa ta gabas, ta cikin makabarta, ko ya bi ta kudu, inda dukiyar mutum uku take. In an hana su duka biyun, layin zai koma wani gari, tasha ma ta bi shi. Su kuwa mutanen garin albasarsu a ƙasa take ruɓewa kowace shekara saboda rashin hanya.

Wani marar kunya, Sallau, shugaban samari, ya miƙe gaban dattawa ya ce, "Baba, matattu ba sa hawa jirgi. A kwashe su." Bai jira amsa ba, ya ja abokansa suka tuge shingen ƙayar makabarta. Mai gari ya ce, "Ubana yana ciki, naka ma yana ciki." Ya aika a kira masu dukiyar kudu, don in ɗayansu ya ƙi, magana ta mutu.

Na farko Ɗanbaba ne. Gonarsa ta gado ce, tun kakansa ake zuba mata taki, kuma layin zai tsaga ta gida biyu. Ya yi ta jan ƙafa, 'ya'yansa suna masa kuka, shi ne na ƙarshen amsawa. An ba shi diyya, amma duk ƙasar da ya samu a madadinta tsakuwa ce. Gero bai sake cika rumbunsa ba.

Na biyu Jumare ne, makiyayi. Burtalin da shanunsa ke bi zuwa mashaya nan layin zai datse. Tun kafin mai gari ya rufe baki ya ce, "Mahaifiyata tana kwance a makabartar nan. Ku ɗauka." Ba a ba shi komai ba, wai burtali ba na kowa ba ne. Yanzu sai ya yi dogon zagaye kafin shanunsa su sha ruwa, da rani kuma maruƙa suna faɗuwa a hanya. Sai dai shi mai tashi ne, in ya gaji yana iya kwashe rugarsa.

Ta uku Tabawa ce, tsohuwa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa. Ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa. Itatuwan ɗorawa ne ta gada, suna tsaye a cikin gonar Ɗanbaba, don a al'adarmu ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Da kalwarsu take daddawa ta ci abinci. Masu awo ba su san wannan al'ada ba, suka haɗa itace da ƙasa suka biya mai gona. An ce mata in ta ɗaga magana aikin zai tsaya, jirgi ya koma ta makabarta. Ta ce, "A sare," ba ta nemi diyya ba. Abin nata shi ne mafi ƙanƙanta, amma bayansa ba ta da komai.

Jirgi ya bi ta kudu, ba a taɓa kabari ko ɗaya ba. Sallau kuwa an sa shi ya sari ƙaya ya mayar da shingen shi kaɗai, hannunsa duk jini, kuma har yau in ana shawarar gari a waje yake tsayawa.

Da aka gama ginin tasha, hukuma ta ce wa mai gari ya kawo sunan mutum ɗaya da za a sa wa tashar, a rubuta a allo. Ɗaya tak. Dattawa suka rabu uku, allon yana nan fari.

To, ku masu baki, a cikin Ɗanbaba da Jumare da Tabawa, sunan wa ya kamata a rubuta?