Sallau Tela da Takardar Araha

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, sunansa Sallau, tela ne. Ku saurara da kyau, har kai da ka jingina da ginshiƙi kana lumshe ido, na gan ka.

Sallau ba telan manyan riguna ba ne. Ƙyallayen da teloli ke sharewa su zubar, su yake harhaɗawa ya yi bargo. Ga yadda yake yi. A fitar masa da fasalin ɗinkin a kan takarda, layi-layi, ya ɗora ƙyalle a kai, ya bi layin da keken ɗinki, allura na huda takarda da ƙyalle tare. In ya gama sai ya juya bayan, ya yayyage takardar ya zubar, ɗinki ya fito daidai wa daida. Don haka takardar sai marar kauri, wadda za ta yage ba tare da ta ja zare ba, kuma fara fat. Lokacin na'urar buga takarda ba ta daɗe da shigowa garin ba, kuma maƙwabcin shagonsa, wani Jibo, yana da ita. Shi ke buga masa layukan.

To, ran nan sai ga wata tsohuwa, Inna Tabawa, idonta ya yi rauni ƙwarai, jikarta Hansatu na riƙe da hannunta. Yarinya ce da ba ta wuce shekara goma ba, ba ta ɗaga kai, ba ta magana. Tsohuwa ta kwance ƙulli a gaban Sallau: atamfofi tsofaffi, da wani farin mayafi.

Ta ce, "Ɗan nan, na uwar yarinyar nan ne. Allah ya yi mata rasuwa bara. Abin da ta bari ke nan, ba wani. Ka yanka ka yi wa marainiya bargo, ta riƙa lulluɓa da kayan uwarta. Farin nan ka sa shi a tsakiya, shi ta fi so."

Sallau ya ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Kun ji amana ko? Ba yadin kanti ba ne da in ya ɓaci za a koma a sayo. In wannan ya ɓaci, ya ɓaci ke nan.

Ya leƙa wurin Jibo, aka ce takardar da ya saba ta yi tsada, ta ma yanke a kasuwa. Jibo ya jawo wani ɗauri daga ƙarƙashin tebur, ya ce, "Malam Sallau, ga wata. Ragowar takardun talla ce, gefe ɗaya da rubutu, gefe ɗaya fari. Ba ta da kauri, na'ura ba ta ƙin ta, kuma kusan kyauta. Ai yagewa za ka yi ka zubar, me ka ke nema da mai tsada?"

Telan da ya san aikinsa yakan jiƙa yatsa ya murza takarda ya gani ko tawada za ta tashi. Sallau ya san wannan sarai. Amma ya ji araha, ya ce ai tsohuwa ma za ta samu sauƙi, ya karɓa bai murza ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, mu ne ba ma ji.

Ya yanka zannuwan mamaciya, ya ɗinka, aiki ya yi kyau. Ya zuba garwashi a dutsen guga, ya yayyafa ruwa kamar yadda aka saba, ya danna a kan ɗinkin tun takardar na jiki. Da ya juya ya fara yage takarda, sai ya ga ɓarna. Tawadar tallan nan, shuɗiya, ta narke ta kama bayan farin mayafin, ɓaro-ɓaro. Ya juya fuskar bargon. A fuska ba a ganin komai sai an ɗaga a rana. Ya ɗiga ruwa a gefe guda don ya gwada, nan take shuɗin ya ratso ya fito sarari.

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga uku."

Ya gwada sabulu, tabo ya ƙara faɗi. Ya gwada lemon tsami, ko gezau. Ya zauna ya dafe kai. Tuwon da aka aiko masa daga gida ya huce a kwano, bai taɓa ba. Duk wanda ya gifta ƙofar shago, sai ya zabura yana zaton tsohuwar ce.

Jibo ya shigo ya duba, ya rage murya, ya ce, "Haba Malam, wannan ne ya hana ka cin abinci? Shimfiɗa auduga, ka yi masa shafi a baya, ka rufe. Tsohuwar nan ba gani take ba. Kafin a wanke shi an kwana biyu. In tabo ya fito a ce wajen wanki ne, wani zani ya zuba. Wa zai ce kai ne? Wa zai ce ni ne?"

Kada in yi muku ƙarya, jama'a, in ce Sallau ya tofar da maganar nan take. A'a. Mutum ne irinku. Ya tuna cewa sunansa kaɗai ne jarinsa, in aka ji ya lalata kayan mamaciya, wace mace za ta sake kawo masa ƙyalle? Har ya ɗauko shafin, har ya shimfiɗa, har ya sa ƙafa a kan keke. Sai tambaya ɗaya ta faɗo masa a rai: wa ke yi wa Inna Tabawa wanki? Tsohuwar da ba ta gani, ba ta da kowa sai jika. Yarinyar nan ce za ta tsoma bargon a ruwa da hannunta, ta ga farin mayafin uwarta ya rine a gabanta, ta ce ni ce na ɓata.

Ku saurara. Ita ce za ta ce ni ce na ɓata.

Ya sauke ƙafa. Ya naɗe bargon haka nan ba shafi, ya kama hanyar gidan tsohuwa da rana tsaka. Ya yi sallama, ta fito zaure da yarinyar, ya durƙusa.

Ya ce, "Inna, na yi ɓarna. Na sa takardar araha mai tawada, ban gwada ba, ta kama farin mayafin. Yanzu ba ya nunawa sosai, amma ranar da aka wanke zai fito, kuma ba zai fita ba. Ba sabulu ba ne, ba ruwa ba ne, ba mai wanki ba ce. Ni ne. Hansatu, kin ji ko? Ni ne, tun a shagona."

Tsohuwa ta lalubi bargon, ta shafa tsakiyarsa, sai hawaye. Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka, ɗan nan. Abu ɗaya! Tashi ka ba ni wuri." Ta ja jikarta suka shige.

Kuna jiran in ce ta yafe masa a nan take? Ba ta yafe ba. Maganar ta zaga unguwa, mata suka janye kayansu, Jibo ya daina amsa gaisuwarsa don ya ce ya tona masa asiri. Sallau ya zauna a shago keke shiru, kullum da fargaba, yana tunanin ko ya tattara ya bar garin.

Bayan wani lokaci, da hantsi, sai ga tsohuwa a ƙofar shago, jikarta na rungume da bargon. An wanke shi. Shuɗin ya fito tsakiyar farin, ba mai ɓoye shi. Sallau ya miƙe.

Inna Tabawa ta ce wa yarinyar ta je ta sayo mata goro. Da ta yi nisa, sai ta ce, "Ɗan nan, akwai abin da ba ka sani ba. Ranar da uwarta za ta cika, an aiki yarinyar nan sayen magani, ta tsaya kallon wasa a hanya. Ta dawo ta tarar an rufe fuska. Kwana ne ya ƙare, amma tun ranar take cewa ita ta kashe uwarta. Ko kwano ya faɗi a hannunta, sai ta shige ɗaki ta ƙi abinci. Jiya ta wanke bargon nan. Na ji ta yi shiru a bakin rijiya, na kasa kunne. Can sai na ji ta ce, 'Inna, tabon Baba Sallau ya fito.' Ta matse, ta shanya, ta zo ta ci tuwonta."

Tsohuwa ta share ido da gefen zani, ta ce, "Da ka rufe, da ban san ta inda zan tsamo ta ba. Karɓi, ka yi masa shafi. Sanyi na tafe."

Sallau ya karɓa da hannu biyu. Ya gama bargon, tabon na nan a tsakiya, yarinya ta lulluɓa da shi har ta girma. Ba zan ce muku ya yi arziki ba, ban sani ba. Na dai san bai sake ɗora ƙyalle a kan takardar da bai murza da jiƙaƙƙen yatsa ba.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Laifin da ka rufe ba ɓacewa yake yi ba, wani yake jira ya faɗa wa, kuma yawanci wanda ya fi kowa rauni. Kai makaniki da ka ɗaura ƙarfen da ka san ya tsage, direba za a zaga. Kai magini da ka rage siminti ka shafe da fenti, lebura za a kora. Ke da kika fasa tulu kika jingina shi yadda yake, ƙaramar gidan za a daka. Kowannenmu nan, har ni mai maganar, yana da shafin da ya shimfiɗa, ƙafarsa na kan keke. Kafin ka taka, tambayi kanka wa zai yi wankin. Sannan ka tashi ka je ka ce ni ne, tun ba a tsoma a ruwa ba.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne. Ku ce amin da ƙarfi, har kai na jikin ginshiƙi.