Kura Mai Gona a Ƙasashe Biyu

An yi wata Kura mai haɗama da ke da gonaki a ƙasashe biyu, kogi ne ya raba su. A wannan gaɓar Jaki sarkin mita ke yi mata dako, a ƙetare kuma Takarkari mai haƙurin tsiya.

Wata rana Jaki ya ce, "Uwar ɗakina, bayana ya yi gyambo. A rage mini kaya."

Kura ta dafe ƙirji. "Gyambo? Allah sarki, ɗan gata! Takarkarin ƙetare ninkin naka yake ɗauka, a kan rabin dusarka, yana godiya. In kawo shi ne?"

Jaki ya haɗiye mitarsa. Ita kuwa baiwar Allah, da ta haye kogi sai ta rera wa Takarkari wannan waƙar, ta sa sunan Jaki.

Da rani ya tsananta kogi ya ƙafe, su biyun suka yi kiciɓis a kududdufin da ya rage.

Jaki ya daka tsalle. "Kai ne shashashan da ke karya mana farashi!"

Takarkari ya ce, "Ji mai bakin magana! Ba kai ne gwanin da ba ya hutu ba?"

"Ni? Dubi bayana!"

Takarkari ya duba, ya juya nasa. Gyambo iri ɗaya, har ƙudajen. Kunya ta kama su. Nan take suka ƙulla alkawari: mangala ɗaya a sawu, hutu in rana ta take, dusa cike da ƙwarya. Duk wanda aka tauye, ɗayan ma ya ajiye aiki.

Kaka ta yi, Kura ta lafta wa Jaki mangala biyu. Ya zubar.

"Zan kawo Takarkari!"

"A gaishe shi, ranki ya daɗe."

Ta ruga ƙetare, ta tarar da Takarkari kwance yana tuƙa. Ya ce, "Ai sai ki kawo Jaki, gwanin naki."

Gara ta fara cin gero a gona. Dole uwar ɗaki ta saɓa mangala da kanta. Wanzami dai ba ya son jarfa: sawu ɗaya ta yi ta zube, tana ihun a kafa dokar hana zaluntar 'yan dako!

Darasin wannan labari shi ne, ma'aikacin wata ƙasa ba abokin gabarka ba ne. Kafin ka zage shi, dubi bayansa, ka tambayi wa ya ɗora muku kayan.