Cinyar Rago da 'Yar Tsakuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, har da mai mutsu-mutsun can baya.

Ta zo mu ji ta, mun natsu!

An yi wani Kurege da ya samu cinyar rago, ya haye wani dogon dutse, ya hura wuta yana gashi. Ƙamshi ya kai hancin Kura. Hawa ya fi ƙarfinta, sai ta kafa zama a gindin dutsen.

Ta ce, "Kurege, jefo naman, sannan ka sauko mu gaisa."

Kurege ya san irin gaisuwar. Ga rana, ba ɗigon ruwa a saman dutsen, ƙishi ya kama shi. Ya leƙa gabas, Kura. Ya leƙa yamma, Kura. Zama ya gagara. Garin kai-komo ya yi tuntuɓe, wani ƙaton dutse da 'yar tsakuwa suka suɓuce lokaci guda. Ya bi su da ido, sai ya ga sun dira tare. Ya sake gwadawa, tare. Ya sake na uku, tare!

Ya tura tsakuwa cikin wuta har ta yi jajir.

Ya ce, "Gwaggo Kura, a gidanmu ba a sallamar nama sai da tsakuwar murhunsa. Tare zan sake su. Don Allah ki matsa gefe."

Kura ta bushe da dariya. "Yaro man kaza! Wa bai san mai nauyi ke riga sauka ba? Zan cafe cinyata in yi gaba, 'yar tsakuwarka tana can tana lilo."

"Na dai faɗa miki, Gwaggo."

"Sako!"

Ta wangale baki, wawiyar Allah. Kurege ya daidaita su, ya saki. Cinya ta faɗa bakinta tim, tsakuwa ta faɗa tare da ita, cau a kan harshe!

Kura ta tofar da nama, ta nufi rafi tana kururuwa. Kurege ya sauko, ya ja cinyarsa, ya bi wata hanyar ya sha ruwa har ya ƙoshi.

To kun ji. Babba da ƙarami, in dunƙulallu ne, tare suke sauka. Abin da kowa ke cewa ya sani, ku gwada shi kafin ku buɗe masa baki.

Kurunkus, tsakuwa ta huce!