Dalilin da Ya Sa Kifi Ke Satar Tana

Dalilin da ya sa kifi ke zare tana ya bar wa mutum ƙugiya tsirara, wallahi ko na faɗa muku ba za ku yarda ba. Amma ku ajiye sandunan fatsar nan ku matso. Kogin nan tun ba a haife ku ba yake wucewa, har yau bai gama ba, zai jira ku.

A da can kifi bai san sata ba. In ya ga tana sai ya buɗe baki ya haɗiye ta ɗungurungum, kamar baƙon da aka ce wa bismillah. Ƙugiya kuwa lanƙwasasshen ƙarfe ce kawai, sumul, ba ta da ɗan haƙorin nan mai kallon baya, don ba wanda ya buƙace shi. Ka ɗaura totuwa a zare, ka jefa, ta nutse, ka ɗaga sanda, ka sa kifi a kwando. Iyakar wahalar ke nan.

To, akwai wani ƙauyen masunta da ake kira Tungar Gamji. Gamjin da aka sa wa ƙauyen sunansa yana bakin kogi, saiwarsa guda ta miƙa kan ruwa kamar kujera, ƙarƙashinta gurbi ne mai zurfi da sanyi inda manyan kifaye ke kwanciya da rana. Mutanen tungar suna da ƙa'ida a kan saiwar nan. Wanda ke zaune a kanta, tasa ce, sai fa in ya yi daga kasuwa zuwa kasuwa ƙugiyarsa ba ta fitar da komai daga ruwa ba. In haka ta faru sai ya tashi, wanda ya fi kowa kamu a makon ya hau. Suna kuma da wata al'adar: kowa shi ke haƙa tanarsa da kansa, ba a aro, ba a roƙo.

Mai saiwar a lokacin wani tsoho ne, Baba Tunau, wanda ya daɗe a kanta har itacen ya ɗauki siffar zamansa. Mai son saiwar kuwa jikansa ne, Anaruwa, ƙato mai baki kamar kalangu. An kai shi koyon saƙar taru ya gudo, an kai shi sassaƙar jirgi ya gudo, ya ce duk ya riga ya iya. Abu ɗaya ne dai ba a yi masa gardama a kai ba, shi ne nutso. In ya shiga ruwa sai ka gaji da jira.

Kullum da safe sai ya biyo ta gindin gamji.

“Tsoho, ba ka gaji ba? Tashi ka ba masu jini a jika wuri.”

“Je ka haƙo tana tukuna,” in ji Baba Tunau, ko waiwayowa ba ya yi. “Mai barci har rana ta dafa masa ƙeya ba ya gadon saiwa.”

Haƙar tana kuwa ita ce abin da Anaruwa ya tsana a duniya. Rani ne, ƙasa ta bushe, sai mutum ya yi sammako ya tafi fadama da dagi, ya durƙusa cikin laka kafin ya cika ɗan ƙoƙo. Rannan yana kwance yana kallon tsohon yana jefa ƙosassun tanarsa cikin gurbi, sai dabara ta faɗo masa. Ga tana can a rataye cikin ruwa ba mai gadi, me zai kai shi fadama?

Washegarin kasuwa ya yanko karan ganyen gwanda, mai rami kamar bututu, ya ɗaura ɗan gora a ƙugu, ya sulale cikin ruwa daga can sama inda ciyawa ta yi duhu. Ya biyo ƙarƙashin ganyen bado, bakin karan kaɗai ke waje yana shaƙar iska, har ya iso gurbi. Ga tanar Baba Tunau tana lilo. Ya sa yatsu biyu ya zare ta sumul, ya jefa a gora, sannan don tsokana ya ɗan ja zaren. Totuwa ta nutse, tsoho ya fizga, ƙugiya ta fito tana ƙyalli.

“Ikon Allah,” in ji Baba Tunau. Ya sake sa wata.

Haka aka yi ta yi har ƙoƙon tsoho ya ƙare. Da yamma Anaruwa ya zauna can ƙasa da tanar sata, ya cika kwando, ya ratsa tsakiyar tunga da shi a ka yana waƙa.

Kashegari ma haka. Ana nan, ya fito hutawa cikin ciyawa, sai ga wata karfasa ta ɗago kai kusa da gwiwarsa. A zamanin kifi na magana, sai dai ba da kowa ba.

“Ɗan Adam,” in ji ta, “mun daɗe muna kallonka. Duk wanda ya taɓa abincin nan a cikinmu sama yake yi, ba ya dawowa. Kai kuwa ka taɓa ka sake taɓawa, ga ka nan. Wane asiri gare ka?”

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Amma Anaruwa ya yi kwanaki yana aikin gwaninta ba wanda zai faɗa wa, cikinsa har ya fara kumburi.

“Asiri? Ƙanwata, ilimi ne, ni na ƙirƙiro shi. Ku matsalarku haɗama.” Ya tsinko ƙaya, ya soka tana a jiki, ya riƙa cikin ruwa. “Kin ga nan sama? Ƙarfe ne a ciki, kada ki kusance shi. Ki kama wutsiyar nan da ke lilo, ki ɗan ja, ki saki. Totuwa za ta yi rawa, mai sanda ya fizga, ya fizgi iska. In ya sake jefowa ki dawo ki ƙarasa. Gwada mu gani.”

Karfasa ta gwada, ta tsinke wutsiyar tana tsaf.

“Madalla! Amma fa tsakaninmu.”

“Tsakaninmu,” in ji karfasa. Ta juya ta faɗa wa tarwaɗa, tarwaɗa ta faɗa wa kurungu, kurungu kuwa kun san shi da gurnani, kafin la'asar har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba sun ji.

Daga ranar tunga ta rikice. Duk inda ka duba totuwa na rawa, mutane na fizga, ƙugiyoyi na fitowa wayam. Wani ya ce aljanun ruwa ne, wani ya ce tanar bana ce ba ta da ƙwari. Shi kansa Anaruwa kamunsa ya ragu, amma bai damu ba, don ya riga ya yi wa kowa nisa. Gurbin gamji kuwa bai bar wa kifi ba, da kansa yake zuwa, kada a yi rashin sa'a wani wawan ragon ruwa ya haɗiye ƙugiyar tsoho.

Kasuwa ta matso. Baba Tunau ya daina hira. In ya dawo sai ya jingine sanda a bayan ɗaki ya zauna yana kallon hannuwansa. Ba yunwa ce ta dame shi ba, 'ya'ya na kawo abinci. Saiwar ce. A kanta ubansa ya koya masa ɗaurin ƙugiya, bai kuma san inda zai sa kansa da safe ba in an tashe shi.

Ana jibi kasuwa Anaruwa ya shigo gidan da tarwaɗa guda a hannu, ya miƙa wa kakarsa Gwamma.

“Amarya, ga cefane. Na ji tsohon mijin naki ya gaza, ki tattara kayanki ki dawo gidana.”

“Kai, angona ya yi abin kai,” in ji Gwamma. Ta karɓi kifin, amma ba ta saki hannunsa ba. Ta juya shi, ta duba. “Wannan hannu haka, kamar na mai lalle? Allah ya ba da sa'a.”

Da ya fita ta dubi mijinta.

“Malam, nuna mini farcenka.”

Ya nuna. Baƙi ƙirin da laka, kamar na kowane mai fatsa a tungar.

“To, jikanka ya fi kowa tana a makon nan, farcensa kuwa fari fat, fatar yatsunsa duk ta yamutse kamar wanda ya wuni yana wanki. A wace fadama ake haƙa haka?”

Baba Tunau ya tashi ya ɗauki hularsa, ya nufi maƙera wurin Cindo maƙeri. Ya ce a ƙera masa ƙugiya, amma kusa da tsininta a tsaga ɗan haƙori ya kalli baya.

“Baba, wannan in ta shiga ai ba ta fita,” in ji Cindo. “Wane irin kifi za ka kama?”

“Mai yatsu.”

Ana gobe kasuwa, da hantsi, mutane suka taru a gindin gamji har da Sarkin Ruwa, don kowa ya san in rana ta faɗi kwandon tsoho wayam, an gama. Baba Tunau ya zaɓo tana mafi ƙiba, ya zura ta har ta rufe haƙorin, ya tofa mata bismillah, ya jefa.

Anaruwa na ƙasa yana jira. Ya sa yatsu biyu ya ja yadda ya saba. Tana ta ƙi zaruwa. Ya yi mamaki, ya matse da ƙarfi, ya kai babban yatsa kan tsini don ya turo ta. Totuwa ta yi ƙasa, tsoho ya fizga.

Yara, Allah ya kiyashe ku. Ƙugiya ta shige babban yatsa ta zauna. Ya ja baya, ta ce ina. Ya buɗe baki zai yi ihu, karan gwanda ya tafi abinsa, ya kurɓi kogi.

A sama sanda ta lanƙwashe kamar baka. Mutane suka miƙe.

“Giwan ruwa ne! Baba, ja!”

“A'a,” in ji Baba Tunau, yana zaune abinsa. “Babban kamu ba a yi masa gaggawa, zare zai tsinke. In ya ja, ka sakar masa. In ya tsaya hutawa, ka ɗauko. Ku dai kalla.”

Anaruwa ya yi gabas, aka sakar masa. Ya tsaya, aka ɗauko. Ya yi yamma, aka sakar masa. Kunya na cewa zauna a ƙasa, ƙirji na cewa fita. Ƙirji ya yi nasara. Ruwa ya dare, sai ga kai ya ɓullo da ganyen bado a bisa kamar hula, hannu ɗaya a sama yana bin zare, goran tana na reto a ƙugu.

Sai Gwamma daga baya ta ce, “Malam, wannan ba zai shiga tukunyata ba.”

Dariya ta ɓarke har wani ya faɗa ruwa. Baba Tunau ya jawo kamunsa har gindin saiwa, sannan ya dubi Sarkin Ruwa.

“Ranka ya daɗe, ƙa'ida cewa ta yi in ƙugiya ba ta fitar da komai ba. Wannan komai ne ko ba komai ba?”

“Ƙugiya ce ta fitar da shi, muna gani,” in ji Sarkin Ruwa. “Zauna a saiwarka, Tunau.”

Aka kira Cindo ya zo cire ƙugiya, sai da ya tura ta gaba ta fito ta ɗaya gefen, Anaruwa na kiran sunan uwarsa. Da a nan aka tsaya, da ya sha da sauƙi. Amma wani daga cikin taron ya ce, “To, ni fa? Can ƙetare nake fatsa, ni ma an cinye mini. Yaron nan shi kaɗai ba zai iya zagaye kogi ba, ƙarya ne, bai kai nan ba.”

Anaruwa, da yatsa a baki, ya ji an ce bai kai ba.

“Wa bai kai ba? Ai ɗalibaina ne! Ni na koya wa karfasa da hannuna, duk kifin kogin nan karatuna yake ci!”

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa.

Sarkin Ruwa ya gyara zama. “To, malamin kifi, ka ji hukuncinka. Duk wanda aka cinye wa tana a kogin nan, kai za ka haƙo masa wata. In ka tsufa 'ya'yanka su karɓa, su ma su miƙa wa nasu, har ranar da ɗalibanka suka manta karatu.”

Baba Tunau ya miƙa masa dagi da ƙoƙo. “Fara da ni, ango. Masu ƙiba nake so.”

Shi ya sa har yau in ka jefa fatsa sai ka ga totuwa na rawa ba ta nutsewa, ka fizga ka tarar an wanke maka ƙugiya tas. Kifi bai manta ba, kullum ma ƙara ƙwarewa yake. Shi ya sa kuma maƙera ba su sake ƙera ƙugiya marar haƙori ba. Ku kuma daina gaggawar fizga, ku bari sai totuwa ta nutse ta tafi.

Kuna ta dariya, ba ku yarda ba ko? To, ni ba a bakin wani na ji ba, a gida na gada. Anaruwa kakan kakana ne, jininsa ne ke yawo a jikin nan, duk tungar nan ba mai...

Kai, kai, me ye haka? Wa ya ce ku miƙo mini gwangwanayen tanarku? Duk wayam? Har kai ma, ɗan ƙaramin nan?

To. Miƙo dagin.