Ƙyauren Jatau da Baƙuwar Bishiya

Kun tambaye ni dalilin da ya sa kasurina, doguwar bishiyar nan mai ganye kamar allura, ba a yin ƙyaure ko kujera da ita, alhali itacenta ya fi na maɗaci tauri. To, ku zauna.

A da ba haka take ba. Baƙuwa ce daga bakin teku, kuma katakonta yakan fito sumul, ba ya tsagewa.

A wani gari akwai masassaƙi mai suna Jatau. Tsohuwarsa tana fama da tari, ɗakinta kuwa asabari ne kawai a ƙofa, ga damina ta gabato. Jatau ya ɗauki gatari ya je wurin bishiyar.

Ya ce, "Baƙuwa, ƙyaure nake so in yi wa Inna. Kin yarda?"

Ta ce, "Na yarda, maigida. Amma in ka sare ni, ka kwantar da ni a inuwa da ɓawona, in sha iska tukuna."

Jatau ya yi dariya. "Shan iska? Wannan ai na masu zaman banza ne. Mu nan aiki muke yi."

Ita kuwa nufinta iska ta busar da ruwan jikinta a hankali. Haka ake faɗi a garinsu. Jatau bai tambaya ba, ita ma kunyar baƙunta ta hana ta ƙara bayani.

Ya sare ta, ya fere, ya tsaga, ya shanya a rana kwana uku, ya haɗa ƙyaure. Ƙyaure ya yi kyau ƙwarai. Inna ta shafa shi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Jatau. Bana zan yi barci."

Ranar da aka yi ruwan farko, sai aka ji ƙas! Ƙyauren ya tsage daga sama har ƙasa, ya karkace, ya ƙi rufuwa. Jatau ya cusa tsumma, ya liƙa ƙaro, duk a banza. Sanyi ya riƙa shiga. Kafin gero ya nuna, Inna ta rasu.

Jatau ya koma wurin kututturen, wanda ya riga ya yi toho. Ya ce, "Kin cuce ni."

Ta ce, "Na gaya maka."

"Ba ki gaya mini yadda zan gane ba."

Bishiyar ta ce, "Gaskiyarka. Daga yau kada wani ya sake dogara da ni a bakin ƙofa. A kafa ni ɗungum in riƙe rumfa, a yi ƙotar fartanya da ni. Sauran a ƙona. Sanyin da na bari ya shiga, zan yi ta korarsa."

Shi ya sa har yanzu, in aka tsaga ta katako sai ta dare, amma a murhu garwashinta ya fi na kowane itace daɗewa. Jatau ya tsufa yana jin ɗuminta, bai sake sassaƙa ƙyaure ba.