Jaki da Dutsen Ɓauna

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, kunnuwanmu na nan.

Kowace kaka namun daji kan taru su yi gasar ɗaga wani ƙaton dutse daga ƙasa zuwa gwiwa. Wanda ya ɗaga, kiwon fadama nasa ne. Shekara bakwai Ɓauna kaɗai ke iyawa. Ran nan sai ga Jaki, wanda ya shekara yana dakon duwatsun ginin rijiya. Ya ciji igiyar da ake ɗaure dutsen da ita, ya miƙe da shi cak.

Dila, alƙalin gasar, ya kanne ido ya ce, "Anya kuwa? An musanya dutsen nan."

Ɓauna ta jinjina shi, ta ce, "Wallahi shi ne."

"To, laya gare shi."

Aka lalube Jaki har cikin kunne, ba komai. Aka ce ya sake ɗagawa, ya sake.

Dila ya ce, "Tsimi ya sha. A tsare shi kwana uku, ruwa kawai."

Rana ta huɗu Jaki ya fito haƙarƙari a waje, ya ɗaga.

Dila ya ce, "Ni fa raina bai kwanta ba. Dutsen nan holoƙo ne."

Jaki bai sauke ba. Ya taka a hankali har bakin ramin Dila, ya dire shi a wurin, ya toshe ƙofar.

"Malam Dila, tunda ba nauyi, kawar da shi ka shiga gida."

Dila ya dubi Ɓauna. Ta ce, "Ni yau bayana ke ciwo."

Ƙurunƙus kan gafiya, mai shakka ya je ya ɗaga.