Dalilin Da Ya Sa Maharban Dogon Yashi Ke Kawo Hauren Icce

Dalilin da ya sa in za a naɗa Sarkin Baka a Dogon Yashi ba a ajiye hauren giwa na gaskiya a gaban dagaci, sai na icce, yana da asali. Ya kamata ku yara ku san shi, don kada baƙo ya tambaye ku ku tsaya kuna sosa ƙeya.

A zamanin da ba haka abin yake ba. Duk mai son sarautar maharba sai ya kashe giwa da hannunsa, ya kawo haurenta ƙofar dagaci. A shafe hauren da man kaɗe, a yi kwana bakwai ana kallo, sannan a sayar wa fatake. Da maharba suka ga fatake ba sa ƙin haure ko nawa aka kawo, sai suka daina jiran naɗin sarauta, suka faɗa wa giwaye rani da damina. Kafin a ankara masu haure sun ƙare a dajin. Abin da ya rage sai ƙanana, da waɗanda aka haifa ba haure, da wata tsohuwa guda ɗaya da ake kira Mai Tono.

Ba a banza ta sami sunan ba. Dogon Yashi a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta kai bazara. In rafi ya ƙafe mutane sukan tona yashi wuri goma su tarar da ƙura. Mai Tono kuwa takan shinshina, ta tsaya wuri ɗaya, ta fasa busasshiyar lakar da ke ƙarƙashin yashin da haurenta, sai ruwa ya ɓuɓɓugo. Garkenta ya sha ya wuce, mata su biyo baya da tuluna.

To, wata shekara da kaka Sarkin Baka Mati ya rasu. Mutum biyu suka nemi gadon: ɗansa Korau, da wani gwanin maharbi mai suna Jatau, wanda ya kashe giwa tara. Dagaci Barau ya ce al'ada tana nan, wanda ya riga kawo haure shi ne sarki. Kowa kuwa ya san hauren wa ake nufi.

Jatau ya shiga dafa dafin sango, wato mashin da ake ɗura wa bindiga a harbi giwa, aikin da yake cin kwana arba'in. Korau ya koma gida abinci ya ƙi ciwuwa. In ya kashe Mai Tono ya sami rawani, garin ya kwana da ƙishi. In ya ƙyale ta, Jatau zai kashe ta. Abu ɗaya ya sani: da zarar an naɗa mutum Sarkin Baka, ba mai ɗaga sango a dajin sai da izninsa.

Sai ya tafi wurin taubashinsa Cindo masassaƙi, ya same shi yana fafe turmi a gindin tsamiya.

Cindo ya ce, “A'a, bawana, ka zo gaishe da ubangidanka? Durƙusa mana.”

Korau ya ce, “Bar wasa yau, Cindo. Za ka iya sassaƙa mini hauren giwa?”

Cindo ya ajiye gizago, ya dube shi tun daga sama har ƙasa. “Wato giwar ta fi ƙarfinka, za ka harbi icce. To icce ma ka aiko ni in harbo maka.”

Korau bai yi dariya ba. Ya zauna ya zayyana masa abin da ke ransa, har Cindo ya daina murmushi.

Cindo ya ce, “Ba abin da hannuna ba ya yi. Amma ni ba na sassaƙa da ka. Dattawan garin nan sun san hauren Mai Tono kamar yadda suka san haƙoran matansu. Kawo mini tsawonsa, da kaurinsa wuri uku, da lanƙwasarsa.”

“Daga jikin giwa mai rai?”

“Ai kai ka ce kada ta mutu.”

Washegari Korau ya ɗauki ganyen kaba maimakon bindiga, ya yi tafiyar kwana uku zuwa kurmin da garken yake kiwo. Ya shafe jikinsa da ɗanyen kashin giwa don kada Mai Tono ta ji warin mutum, ya yi kwana biyu yana bin su ta inda iska ba za ta kai musu labarinsa ba. Rana ta uku da tsakar rana Mai Tono ta tsaya a inuwar wata kanya, ta ɗora haurenta na dama a kan reshe, ta lumshe ido. Korau ya ja ciki kamar damo har ya iso ƙarƙashin haɓarta. Yana jin cikinta yana ruri kamar hadarin nesa. Ya miƙe a hankali, ya shimfiɗa kabar a jikin hauren, ya ƙulla. Ya zagaya gindi, ya ƙulla. Ya zagaya tsakiya da kai, ya ƙulla. Ya bi lanƙwasar da ɗanyar tsumagiya ya ɗaure ta yadda take. Ya lura da ɓallin da ke bakin hauren, da wani zurfi da ciyawa ta ci a gefe. Sau ɗaya ta kaɗa kunne, iskar ta tuɓe masa hula. Nan ya bar hular, ya ja da baya.

Cindo ya sare aduwa, don iccenta ya fi kama da tsohon haure. Kwana goma sha biyu yana aiki a bayan rumbu. Ya goge shi da ganyen baure har ya yi santsi, ya fafe gindin ya cusa baƙin ƙarfe don nauyi, ya turara shi da hayaƙi ya yi launin tsufa. Da Korau ya gani sai ya ji kamar da gaske ya kashe Mai Tono.

Amma sabo turken wawa. Tun Cindo yana saurayi bai taɓa sakin turmi ko akushi ko ƙotar fartanya ba sai ya ɗora masa shaidarsa da ƙarfen da ya yi ja a wuta, ɗigo uku da ɗan baka a sama. Da ya gama aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, zuciyarsa ta ƙi yarda ya fita ba suna. Sai ya ɗora shaidar a cikin kogon gindin, inda yake zaton ba mai leƙawa, bai kuwa gaya wa Korau ba.

Ranar kasuwa da hantsi Korau ya sauke hauren a kan buzu a ƙofar dagaci. Gari ya taru, maroƙa suka ɗauki kirari. Jatau ya zo ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya shafa ɓallin, ya koma gefe, don ya san hauren. Mata kuwa ba wadda ta yi guɗa. Suna tsaye suna duban juna, kowace tana tunanin tulunta.

Shafa man kaɗe aikin Iya Tasalla ne, tsohuwar da ta fi kowace mace shekaru a garin. Ta zauna tana shafawa tana share hawaye da gefen zane. Da ta iso gindin ta sa yatsa cikin kogon, sai ta ji abin da yatsanta ya saba ji kullum in tana wanke turmi. Ta karkata hauren wajen rana ta leƙa. Sai ta fashe da dariya har tana tari.

Dagaci ya ce, “Iya, lafiya?”

Ta ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ashe Mai Tono ma a wurin Cindo take sayen haurenta.”

Mata suka yi caa a kai. Wannan ta ce ga shi a turminta, waccan ta ce ga shi a muciyarta. Guɗar da ba a yi ba ɗazu sai ga ta ta tashi. Cindo ya nemi sulalewa, aka riƙo rigarsa.

Korau ya dube shi ya ce, “Cindo, me ka yi mini?”

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce, “Aikin ne ya yi kyau da yawa.”

Dagaci Barau bai ga abin dariya ba. Hukuncin maharbin da ya kawo abin ƙarya sananne ne: a karya bakansa a gaban jama'a, kada ya ƙara shiga daji. Ya sa aka kawo bakan Korau aka ajiye.

Korau ya durƙusa ya ce, “Allah ya ja zamaninka, na yi ƙarya, ban musa ba. Amma kafin a karya, a gaya mini wanda zai tona mana ruwa bana.”

Jatau ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar zancen ruwa. Allah da ya yi mu shi zai shayar da mu. Kakanninmu da haure suka hau sarautar nan. Gishirin da ke miyarmu da rigunan da ke wuyanmu, saboda haure fatake suka kawo su. Giwar nan da ake tausayi, bara ita ta tattake mini dawa rabin gona. In mu ba mu harbe ta ba, maharban wani gari za su harbe ta, mu rasa ruwan mu rasa hauren. Sannan sarautar maharba ta jarumi ce. Ta yaya za mu bi wanda ya ji tsoron giwa ya ɓuya bayan rumbu?”

Maza da yawa suka gyaɗa kai, don maganarsa ba ta rasa gaskiya ba.

Iya Tasalla ta ce, “Jatau, ɗana, gishiri na ji. Amma ban taɓa ganinka da tulu a ka ba.”

Korau ya zaro kabar nan mai ƙulli huɗu daga aljihu ya ajiye. “Ban ɓuya ba. Mai sango daga taki arba'in yake harbi. Ni da wannan na auna ta, tana tsaye da ranta.”

Jatau ya ce, “Wanda ya yi ƙarya ɗaya, ta biyu ba ta yi masa wuya.”

Dagaci ya shafa gemu ya ce, “Gani ya kori ji. Kada wanda ya taɓa Mai Tono sai ta sauko rafi. In iccen nan ya dace da haurenta, mu sake shawara. In bai dace ba, a karya bakan Korau, Jatau ya harbe ta a ranar.”

Wata biyu bakan yana rataye a zauren dagaci, Korau yana wucewa yana ganinsa. Da rani ya yi tsanani Mai Tono ta sauko da garkenta. Dagaci da dattawa suka laɓe a bayan gaɓa da safe, Jatau yana riƙe da sangonsa a ɗure. Ta tona ruwa, garken ya sha. Kafin ta wuce ta soka haurenta na dama cikin damshin lakar gaɓa, inda giwaye suke lasar kanwa, ta zare, ta koma inuwa can gaba.

Suka sauka da hauren icce. Dagaci ya karɓa da kansa ya zura shi cikin ramin da ta bari. Ya shige kamar wuƙa a kube, ba sako-sako, ba matsi, har lanƙwasar.

Cindo ya ce, “Kun gani? Na gaya muku hannuna...”

Dagaci ya ce, “Kai, rufe mana baki.” Sannan ya yago ganyen kaba ya miƙa wa Jatau. “Ga ta can tana hutawa, na hagu yana nan ba a auna ba. Auno mana shi, rawani naka ne.”

Jatau ba matsoraci ba ne. Ya jingine bindiga, ya karɓi kabar, ya tafi. Ya wuce taki arba'in ɗin da ya saba tsayawa, ya kai talatin, ya kai ashirin. Sai Mai Tono ta juyo ta buɗe kunnuwanta ta zuba masa ido. Ya tsaya cak. Da aka jima ya dawo da baya da baya, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ajiye kabar a gaban Korau ya ce, “Giwa tara na kashe, ban taɓa ganin gashin idon ko ɗaya ba sai da ta faɗi. Ɗauki bakanka, Sarkin Baka.”

Dagaci ya ce, “Korau, jarumtarka ta ci rawani, amma ƙaryarka ba za ta tafi haka nan ba. Cindo, hura wuta.” Ya sa aka ɗora shaidar masassaƙi a tsakiyar hauren ta waje, babba, yadda mai tahowa daga nesa zai san icce ne. Ya ce daga ranar duk mai neman sarautar ya auno hauren giwa mai rai, a sassaƙa, a gwada, kada kuwa a ɓoye wa kowa abin da aka sassaƙa shi da shi.

Umarnin farko da Sarkin Baka Korau ya bayar shi ne a sauke sango a dajin nan. Na biyu, maharba su riƙa kwana a gonaki da ganguna lokacin da dawa ta nuna, a fara da gonar Jatau. Da fatake suka zo a shekarar aka nuna musu hauren, babbansu ya ƙwanƙwasa shi ya ce wannan ko kyauta ba ya so. Iya Tasalla ta ce masa dama ba na tafiya ba ne, ta ba shi ruwa a ƙwarya ya sha.

Shi ya sa har wa yau, in kuka shiga zauren Sarkin Baka na Dogon Yashi, za ku ga haure bakwai a jingine, duk na aduwa, kowanne da shaidar wanda ya sassaƙa shi. Giwayen da aka auna su bakwai ɗin nan kuwa, kowace tsufa ne ya kashe ta.